Alma, Matar Manu

Baraka na zaune a tsakar gidansu a Wurno tana yanke lawashin albasa, sai ga kakarta Hauwa'u ta faɗo ko sallama babu.

"Ina ubanki? Maccido! Hito ka ji abin da kunnena ya jiyo!"

Malam Maccido ya fito da carbi a hannu. "Lahiya, Inna?"

"Ina lahiya! Yaron ga da kab ba ɗiyakka, mata gare shi can kwaleji. Alma sunanta!"

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Baraka.

Manu ɗan ƙanwar Malam Maccido ne, bara aka yi musu baiko shi da Baraka. Shekararsa uku a kwaleji. Wannan hutun ya dawo da koren kwat mai bajo a ƙirji, ba ya tuɓe shi ko ana tsakar zafin bazara, gumi na tsiyaya. Gaisuwa kuwa a tsaye yake yin ta. Kullum yana tare da abokan karatunsa biyu, suna yawo a gari da Turanci a baki.

"Gindin tsamiya na ishe su," in ji Hauwa'u, "kowa ya aza hannu ga ƙirji suna waƙa. Nic ce wa kuka yi wa? Yac ce Alma mata tai, wadda ba shi mantawa har kabari!"

"Alma..." Malam Maccido ya maimaita a hankali. "Wanga ba sunan Musulmi ba na."

Kafin kwana biyu zance ya cika unguwa. Wasu suka ce Baturiya ce, wasu suka ce 'yar Ikko ce mai aikin asibiti. Wasiƙar da ta zo wa Manu ranar Laraba ma, aka ce tata ce. Ita kanta Baraka ta ɗauko hankicin da ya ba ta tsaraba, ta yi ta kallon rubutun da ke jikinsa. Shin sunan wata take ta ajiya a ƙasan adakarta?

Da la'asar Manu ya zo zance, ta same shi a zaure.

"Yaya Manu, wace ce Alma?"

Ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Nonsens! Wagga magana ta 'yan kwaleji ta, Baraka. Ko na hwaɗa miki ba ki ganewa."

"To, kana son ta?"

"Ƙwarai kuwa! Ba don ita ba, da ni ma albasa nika shuka."

Ta juya cikin gida tana kuka. Ashe mahaifinta na bayan zana, ya ji komai. Nan take ya ce a haɗa kayan baiko a mayar.

Baraka ta durƙusa gabansa. "Baba, raina ya ɓaci, amma ban ga laihinai da idona ba. Malam Ƙasimu na Rabah can kwalejin yay yi karatu. Don Allah a tambaye shi tukuna."

Da ƙyar ya yarda. Washegari ya hau jaki ya nufi Rabah da hankicin a aljihu. Malam Ƙasimu, dattijon malamin elementare, ya duba rubutun, bai yi dariya ba. Ya ce su koma Wurno tare.

Aka tara gida, aka kira Manu.

"Alma Mata ba mutum ba ta," in ji Malam Ƙasimu. "Kirarin da ɗalibai ka yi wa makarantarsu na, wai uwar da tar raine su. Shi ke nan." Ya juya ga Manu. "Kai kuma, kalma guda ta ishe ka kashe wutar ga. Mi ya hana ka?"

Manu ya hau gyara bajon ƙirjinsa.

"Mi ya hana ka ce makaranta, ɗan nema?" Hauwa'u ta daka masa tsawa. "Kwana huɗu yarinya ba ta ci tuwo ba!"

Sai a lokacin ya dubi Baraka da kyau, ya ga yadda idanunta suka faɗa. Ya cire takalmi, ya tsuguna gaban kawunsa.

"Kawu, na yi kuskure. Daɗi nika ji ana ganin na san abin da ba a sani ba."

 Malam Maccido ya ce baiko na nan, amma aure sai an ƙara shekara, ya ga kamun ludayin yaron. Sauran hutun a fadama Manu ya ƙare shi, yana ban-ruwa tare da kawunsa, abokansa na wucewa suna yi masa dariya. Baraka ta jira, ba ta taɓa yi masa gori ba. Bayan sallar layya ta gaba aka ɗaura.

Son makaranta ba laifi ba ne. Amma ilimin da ya sa mutum ya raina waɗanda suka haife shi, ya kusa raba shi da abin da ya fi ƙauna. Wanda kuma ya bincika kafin ya yanke hukunci, ba ya kwana da nadama.