Na Gwada da Kaina

"Kada ki goge shi!"

Saura ƙiris yatsan Auta ya sauka a kan wayar lokacin da Barista, saurayin da za ta aura, ya faɗo ɗakin da rigar kotu a rataye a hannunsa, yana haki kamar wanda aka biyo. Ta zabura har ƙafarta ta ture fitilar da take haska fuskarta da ita in za ta ɗauki bidiyon talla.

"Bar ni na goge, don Allah... In babu bidiyon ai babu shaida."

"Yana cikin wayar mutane ba adadi. Kina gogewa alƙali zai ce kin san kin yi laifi kika ɓoye. Ajiye wayar nan, rabin raina."

Ta ajiye.

Sana'ar Auta tallar kayan mutane ce a intanet. Mai turare, mai takalma, mai labule, kowa ya kawo sai ta ɗauki bidiyo ta ɗora a shafinta, mata su yi ta rububi. Allah ya ba ta baki, in ta yaba tsintsiya sai ka rantse da zinare aka ɗaure ta. To kwanaki wata mata da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba ta aiko mata da man gyaran fuska. Auta ta lakata a bayan hannu, ta kalli kyamara, ta faɗi abin da 'yan sana'ar suke faɗa ko gezau: "Na gwada da kaina, dubi yadda fuskata ta koma!" Alhali ko sau ɗaya man bai taɓa fuskarta ba.

Cikin waɗanda suka saya har da Yaya, yayar Barista ciki ɗaya, wadda ba ta sayen komai ta waya. Kara ta yi wa yarinyar da ƙaninta zai aura. Yanzu kumatun Yaya sun saɓule kamar an watsa mata ruwan zafi, mai man ta rufe shafi ta kashe layi, ga sammacin kotu na ƙarar da Yaya ta shigar a kan teburin Auta.

"Ɗaure ni za a yi?" in ji Auta.

"Ƙarar diyya ce, babu ɗauri... tukuna."

"Tukuna?!"

"In hukumar da ke kula da magunguna ta shigo, magana ta canja. Kun yi yarjejeniya a rubuce da matar, cewa ita ke da alhakin kayanta?"

"A'a..."

"Kin duba lambar rajista a jikin kwalbar?"

Ta girgiza kai.

"Kin rubuta a ƙasan bidiyon cewa talla ce aka biya ki?"

"Ai in ka ce talla ce babu mai saye..."

Ya dafe kai. Tun ba yau ba yake binta ta yi wa sana'ar rajistar kamfani, ta yi inshora, ta daina karɓar kaya daga wanda ba ta san ƙofar gidansa ba. Ita kuwa sai ta yi fari da ido ta ce, "Haba masoyi, sai ka ce banki na buɗe?" Shi ma don soyayya ta ci ƙarfinsa sai ya yi dariya a wuce wurin. Ga shi yau ana neman fafe gora ranar tafiya.

"Da na yi rajistar da na tsira ko?"

"Da ta kare miki abin da kika mallaka. Amma kamfani ba ya kare ƙaryar da ta fito daga bakin mutum, Auta."

Kalmar ta soke ta, don bai taɓa kiranta maƙaryaciya ba. Hawaye suka ɓalle mata.

"Kai za ka tsaya min a kotu?"

"Ba zan iya ba, yayata ce. Abokin aikina zai tsaya miki. Ya ce kada ki ce uffan a shafinki har a gama."

"Mu fa...?"

Ya kawar da kai yana kallon bango.

"Mama ta ce a ɗage maganar auren. In har kuka tsaya gaban alƙali ke da Yaya, ta ce an fasa."

Auta ba ta buƙatar a gaya mata wanda ke hura wutar. Bebi ce, 'yar kawunsa, wadda ta daɗe tana dakon Barista shi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Faɗuwa ta zo mata daidai da zama. Kullum tana gindin Mama da waya a hannu, tana maimaita bidiyon tana cewa, "Wallahi ta san man guba ne, Mama. 'Yan tallar waya ai ko uwarsu sai su sayar."

Tsoro ya tare a ƙirjin Auta, ya hana ta ci ya hana ta sukuni. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta zaci ita aka zo kamawa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ƙame ta ɗauke numfashi, ko da mai kawo saƙo ne. Ita da ba ta iya wuni ba ta kalli kyamara ba, sai ga shi ta lulluɓe ta da ɗankwali.

Ana haka saƙon murya ya shigo mata daga wata yarinya da ba ta sani ba, murya fal murna.

"Anti, na samo man nan a wurin ƙawata! Gobe zan fara shafawa, bikina ya matso. Ki sa min albarka!"

Auta ta zabura. Nan take ta tura mata kada ta kuskura. Amma 'yan mata nawa ne ke da kwalbar nan a gaban madubi, waɗanda ba za su taɓa turo saƙo ba?

Ta kira Barista.

"Zan fito na faɗa musu gaskiya."

"Auta, a'a! Duk abin da kika faɗa za a kunna shi a gaban alƙali. Da bakinki za ki ɗaure kanki."

"Wannan lauya ne ya yi magana. Wanda zai aure ni fa, me ya ce?"



"Tsoro nake ji," ya ce a hankali. "Tsoron rasa ki nake ji, hasken idona."

"Ni ma... Amma in wata ta sake ƙonewa ina zaune na yi shiru, da wane ido zan kalle ka?"

Ta yaye ɗankwalin daga kan kyamara. Babu hoda, babu murmushi. Ta kunna ta, ta fara magana.

"Man nan da na tallata muku, ban taɓa shafa shi a fuskata ba. Ƙarya na yi. Ya ƙona fuskar wata baiwar Allah da nake jin kunyarta fiye da kowa. Duk mai shi ta zubar, don girman Allah."

Kafin la'asar zagi ya cika shafin, masu ba ta talla suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Bebi kuwa har da rangaɗa guɗa, ta tura wa dangi kaf: "Ga shi ta amsa da bakinta!"

Washegari Barista ya zo, fuskarsa babu walwala.

"Yaya na son ganinki."

Ya kai ta gidan Yaya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ta shiga ita kaɗai. Ɗakin da duhu-duhu, an saki labule, an juya madubi yana kallon bango. Yaya na zaune a bakin gado, mayafi ya rufe mata fuska.

Auta ta zube a ƙasa.

"Yaya, ki yafe..."

"Ɗago ki kalle ni."

Ta janye mayafin. Auta ta ɗago, ihu ya taso mata ta danne shi da tafin hannu. Fata ja jawur, wani wurin ya yi baƙi, wani yana tsatstsafo da ruwa. Ranta ya ce ta sunkuyar da kai, amma ta ƙi, ta ci gaba da kallo hawaye na zuba.

"Kowa ya shigo sai ya kalli ƙasa," in ji Yaya. "Har mijina."

"Ni na jawo miki..."

"Ke ce. Lauyana ya ce bidiyon jiya ya gama mana aiki, ko ban buɗe baki ba na ci shari'a. Kin san da haka kika yi?"

"Na sani."

"Kin san Mama za ta fasa auren?"

"Na sani, Yaya..."

Yaya ta daɗe tana kallonta. Can ta ja numfashi.

"Zan cire sunanki daga ƙarar. Amma za ki tsaya min shaida, a nemo matar nan duk ramin da ta shiga. Kuma kafin ki sake tallar ko allura, ki yi duk abin da ƙanina ya ce ki yi."

Ta miƙa hannu ta ɗauko maganin asibiti daga kan durowa, ta ajiye a cinyar Auta.

"Hannuna rawa yake, madubi kuma na daina kallo. Wanke hannunki ki shafa min."

Auta ta wanko hannu ta dawo ta durƙusa. Ta taɓa kuncin a hankali, Yaya ta runtse ido ta cije leɓe don zafi.

"Kai kuma da ka laɓe a bakin ƙofa kana share ido," Yaya ta ce ba tare da ta buɗe idon ba, "je ka gaya wa Mama ta bar ranar auren yadda take. Ki bi a hankali, ƙanwata... nan wurin ya fi ciwo."