Tagar Inna Jaratu

"Inna ta ce a fasa."

Rahinatu ta zuba wa Shamsuddin ido. Yana tsaye a zauren gidan iyayenta, ya kasa ko zama.

"A fasa me?"

"Auren, Rahinata..."

Tun da la crise, wato matsin tattalin arziki, ta shigo aka zabge albashin malamai irinsa, Shamsuddin ya haƙura da kama haya a unguwar Nkomkana, ya ce zai gina mata ɗaki a gidansu na unguwar Briqueterie. Gidan kuwa ko akuya ba ta samun wurin juyawa! Rahinatu zanen gine-gine ta karanta, ita kaɗai mace a ajinsu, amma duk ofishin da ta je sai a kalli mayafinta a ce ba a neman sakatariya. Ta so ta zana ɗakinta da kanta, Ɗanjuma magini ya rantse mace ba za ta nuna masa inda zai aza bulo ba. Shi ya yanke a rushe madafin Inna Jaratu, mahaifiyar Shamsuddin. Da tsohuwa ta tayar da ƙayar baya, sai munafukin ya ce ai amarya 'yar boko ce ta tsara haka.

"Ƙarya yake! Ni ko cikin gidanku ban taɓa gani ba!"

"Na faɗa mata, masoyiyata. Ta ce macen da ke hawa gini cikin maza ba abin da ba za ta aikata ba."

Ranta ya ɓaci, ga tsoron rasa shi.

Washegari ta yi abin da ba a yi. Budurwa, ba a ɗaura aure ba, ta yi sallama gidan surukai! Ta tarar da Inna a madafi tana suyar ƙosai, hayaƙi ya turnuƙe, idanunta jajur. Rahinatu ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Inna."

"Kin zo awon inda za ki rusa?"

"A'a, Inna. Tambaya na zo yi. A ina kike zama in rana ta take? Ta ina ruwa ke bi in an yi na sama?"

Inna ta kwashe ƙosan da ya kusa ƙonewa. Can ta fara amsawa a daƙile, daga baya baki ya buɗe. Ta nuna inda take shanya, da lungun da ruwa ke kwanciya, da bangon da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin.

Rahinatu ta ɗauki gawayi ta zana a ƙasa.

"Madafinki na nan daram. Ɗakina zai koma lungun can, a ɗaga masa ƙasa saboda ruwa."

"Wannan ɗan mitsitsin? Ina gadonki zai shiga?"

"Zai shiga. Ke kuma a fasa miki taga nan, hayaƙin ya riƙa fita."

Inna ta goge ido da bakin zani.

"Tun da aka kawo ni gidan nan, maza ke gini suna rushewa. Ba wanda ya taɓa tambayata."

Ta karɓi gawayin, ta murje tagar da tafin hannu. Sai Rahinatu ta ga tsohuwa ta sake zana ta a ɗaya bangon, mai kallon lungun.

"Nan za ki sa ta, 'yata, saitin ƙofarki. Ba na son in riƙa ɗaga murya in zan kira ki."