Ashana a Tafkin Kuza

Wani Baturen kamfanin kuza, mai digiri biyu, ya ga ya dace ya ajiye jirgin ruwa a Jos, garin da ko kogin kirki babu. Ya sa shi a tafkin da haƙar kuza ta bari, ya ɗauki Salawu aikin kuku.

Ran nan da magariba gas ya ƙare, miya ba ta nuna ba. Salawu, shi kaɗai a tsakiyar ruwa, ya ɗaura sabuwar tukunyar gas, ya shafa wa bakinta ruwan sabulu. Kumfa ta taso, alamar tana yoyo.

"Ƙyasta ashana ka gani, Baba Kuku," in ji wani a bayansa. "Mu haka muka yi."

Mutumin na zaune a gefen jirgi, yana ƙaurin gashi. Babu kwalekwale kusa, rigarsa kuma a bushe.

"Daga Ogbomosho na zo in dafa abinci," Salawu ya ce, "ban zo a dafa ni ba."

Ya wurga kwalin ashana cikin tafki, ya ci gaba da matse tukunyarsa.

Baƙon ya zura hannu cikin ruwa. Can ƙarƙashin jirgi, ashana ta kama.