Farin Gishiri a Bakin Tukunya

Ana gab da rufe gandun furanni wani saurayi ya shigo rungume da tukunyar fure, kamar mai kawo yaro asibiti. Ita kuwa budurwar da ke kula da wurin tun safe take tsaye, bayanta ya ƙage, hannunta duk baƙin gawayi, ba ta da sauran murmushin da za ta yi wa kowa.

"Mun tashi, Malam."

"Ki taimaka ki duba mini. Na mahaifina ne, bara ya rasu."

Furen okid ne, irin wanda ake kawowa daga waje. Bayan rasuwar aka sake masa tukunya, aka danna shi cikin jar ƙasa sai ka ce barkono. Ta yi ajiyar zuciya, ta ajiye makulli. Ta zazzage ƙasar, ta yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, ta mayar da shi cikin ɓawon itace da gawayi.

"Ruwan sama za ka riƙa ba shi, na burtsatse gishiri ya yi masa yawa. Taki kuma rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba. Shi ba mai ci ba ne."

Mai gyaran firji ne, shi ma a gajiye yake yini. Amma bai taɓa gajiya da turo saƙo ba.

"Mai Fure, majinyacinki ya kwana lafiya. Ni ne dai ban kwana ba."

"Mai Tukunya, ka nemi asibiti. Ni likitar ganye ce."

Tun tana amsawa don kunya har ta fara duba waya kafin ta wanke hannu. Da maganar aure ta taso, iyayenta suka ce ya turo. Ummansa ce ta ƙeƙashe ƙasa. Dama 'yar ƙaninta ta so masa, ga shi kuma furen marigayi ya fara komawa baya, bakin ganye yana ƙonewa.

"Ta cire shi daga ƙasa ta zuba shi a itacen girki, ta hana shi abinci," in ji Umma. "Ranar da furen nan ya mutu, kada a sake kawo mini maganarta."

Da ya turo wa Mai Fure hoton ganyen, ranta ya ɓaci, don ta san ƙunar taki idan ta gan ta.

"Ka ƙara masa taki, ko?"

"Wallahi rubu'i nake sawa, masoyiya."

"To ganye ba ya ƙarya. Na gaji, ka ƙyale ni na huta."

Ya ƙyale ta, amma ba ta huta ba. Abin ya yi mata ciwo, a ce aurenta yana rataye a jikin ganyen da ba ta da ikon kula da shi. Wata rana da yamma, yana wurin aiki, ta ɗauki jarkar ruwan sama ta tafi gidansu.

Umma ta amsa gaisuwa da ƙyar, ta nuna mata baranda da haɓa. Tana durƙusawa ta ga farin gishiri ya kewaye bakin tukunyar, kan saiwa ya yi baƙi. A bayan randa ga wata kwalbar taki, ta kusa ƙarewa. Ta ɗauko ta.

"Ni ce," Umma ta ce daga bayanta. "Cikin murfi nake zuba masa idan yaron ya fita. Ina laifi?"

Tsohuwar ta zauna a kan tabarma, muryarta ta yi ƙasa.

"Mai furen nan da yana jinya ƙin cin abinci ya yi mini. In kai cokali bakinsa, ya kau da kai, har ya tafi. Wannan kuwa duk abin da na ba shi karɓa yake."

Duk faɗan da ta taho da shi a ciki ya bi iska, tausayi ya kama ta.

"Karɓa yake, Umma, amma ba ya iya cewa ya ƙoshi."

Ta miƙa mata jarkar. Umma da hannunta ta yi ta kwarara ruwan sama, yana fita ta ƙasan tukunya yana wanke gishirin, tana zubawa tana share ido da gefen mayafi.

"Zai tashi?"

"Ban sani ba, Umma. Ba zan yi miki ƙarya ba."

A hanyar gida ta rubuta masa: "Ka yafe mini, Mai Tukunyata. Ba kai ba ne."

Furen bai warke da wuri ba, ganye biyu ma sun faɗi. Amma Umma ba ta jira shi ba, ita ta kira ƙannen marigayi ta ce su je neman aure.

Ranar da aka kawo amarya, kowa ya jigata, ƙafar amarya har ta kumbura. Umma ta dafa kawunansu su biyu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Sannan ta sunkuyo kusa da kunnen amarya.

"Wannan ɗan nawa ma na cika masa taki, 'yata. Ki koya mini yadda ake ragewa."