Turken Mai Fito

A can wani zamani, an yi wani mai fito a bakin kogin da ke gangarawa teku. Ran nan ƙasa ta girgiza, ta tsage, gefe guda ya tashi. Kogin ya karkata ya bi tsagar.

Mai fito ya kasa zama. Ya je gindin turken da ubansa ya kafa na ɗaure jirgi, ya dawo. Ya je, ya dawo.

"Kogi zai dawo," in ji shi.

Kwana bakwai ba fito, ba tuwo. Sai matarsa ta miƙo masa katantanwar teku.

"Maigida, a gonarmu ta tudu na tono wannan. Teku ma ta taɓa zama can. Ta dawo?"

Ya tumɓuke turken ubansa, ya saɓa.

"Kama mini jirgin, mu bi ruwa."