Hannun Fasto Filibus

A wani ƙauye na yankin Doguwa an yi wani fasto, Filibus, wanda bakinsa ya iya wa'azi amma zuciyarsa ba ta taɓa ƙoshi ba. Mabiyansa manoman masara ne. Kafin ruwan shuka kowane magidanci yakan kawo irinsa coci a ƙwarya, fasto ya tsoma hannu ya sa albarka. Wannan amanar ya ɗauka ya kai wa wani boka a bakin dajin Falgore.

Ya same shi da rana tsaka a gindin tsamiya, gaban wani tulu da jini ya bushe wa a wuya, gashin kaji ya manne. Ko tsuntsu ba ya sauka a bishiyar.

"Miƙo hannun da kake sa albarka da shi," in ji bokan. Ya tsoma shi cikin tulun, hannun ya fito da sanyi kamar na gawa. "Duk irin da ka taɓa, amfaninsa gonarka zai koma."

"Me zan biya?"

"Ni ba na karɓa. Ƙasa ce za ta karɓa, kuma a gidanka za ta nema."

Filibus ya ɗauka kaji ake nufi. Kwaɗayi ya hana shi ƙara tambaya.

Shekarar nan masarar mabiyansa ta tsaya iya gwiwa, tasa kuwa har rumbuna suka kasa. Ranar Lahadi sai ya hau mumbari ya ba su labarin Yusufu da ya tara hatsi ya ciyar da mayunwata, ranar kasuwa ya sayar musu da tsada. Ko kunya!

Sai ƙasa ta fara karɓa. Babban ɗansa ya faɗi matacce a bakin rumbu, ƙanensa ya bi shi kafin kaka ta zagayo. Matarsa Rifkatu ta zautu, tana tona ramuka a tsakar gida wai shuka take yi. Saura autarsa Saratu, ita ma ta kwanta.

Ya koma dajin a guje.

"Ka cece ta!"

Bokan ya yi dariya. "Ni zan koya maka wa'azinka? Buɗe rumbunan ka mayar wa masu shi, kyauta, har ƙwayar ƙarshe. Ƙasa za ta sake ta."

Ya dawo ya tsaya gaban rumbu da mabuɗi a hannu. Can ya tuna dillalan Tudun Wada sun ce farashin masara ya tashi. Ya ce a ransa bari ya sayar da rabi tukuna, sauran ya raba.

Ana cikin loda wa motar dillalan buhunan masara kuka ya tashi a ɗakin Saratu.

Yau yana yawo tsakanin ƙauyuka, hannun ya shanye, ba mai yarda ya taɓa masa ko ƙwarya. Kai da jama'a suka miƙa wa abin shukarsu, ka ji tsoron Allah. An ba Filibus hanyar fita, shi ne ya tsaya jin farashi.