Koren Zare a Akwatin Nevena

Ranar jajiberin fainal ɗin gasar busa, Stanka na fito da banitsa, wani irin burodi mai cuku, daga murhu, ƙamshin cuku ya cika kicin. 'Yarta Nevena na goge farar rigar da za ta sa gobe. Maigida Todor kuwa yana zaune bakin taga, tabarau a kan hanci, ya buɗe ɗan akwatin karan 'yarsa don ya zaɓa mata wanda za ta busa da shi.

Duk mai busa obo, algaitar Turawa, a birnin Plovdiv ya san sirrin na cikin ɗan karan nan mai baki biyu, wanda ake ɗaurewa da zare, a kankare da wuƙa har ya yi siriri kamar ganye, sannan a sa a baki. Todor ya ƙare ƙuruciyarsa yana busa a ƙungiyar makaɗan birni har haƙoransa suka zube. Tun Nevena na ƙarama shi ke yi mata kara da jan zare, kuma yana faɗa wa duk wanda zai saurara, har da wanda ba ya son saurara.

Can sai Todor ya ɗago kai.

"Nevena. Wane ne ya ɗaure wannan?"

Tsakanin yatsunsa kara ne mai koren zare.

"Baba... na makaranta ne."

"Ƙarya kike! Makaranta ba ta ɗaure kara. Hannun wane ne?"

"Kalin ne," ta ce. "Muna son juna, Baba. Na so in faɗa maka bayan gasar."

"Wane Kalin? Ɗan mai gyaran tayar nan da za ki kara da shi gobe?" Ya miƙe, kujera ta kife. "Wawiya! Wa ya taɓa karɓar kara daga hannun abokin karawa? Ya ba ki mai tsaga ne, ki hau dandamali ya mutu miki a baki, shi ya ɗauki kambu yana dariya!"

"Da karansa na ci zagaye na ɗaya da na biyu!"

Da ma ta yi shiru. Gaskiyar da ita da uwarta suka daɗe suna ɓoyewa ita ce hannun Todor ya fara rawa, karansa yanzu yoyon iska yake. Ita kuwa tausayinsa ya hana ta faɗa.

Todor ya zazzage akwatin a kan tebur, ya ware koraye, ya dunƙule hannu ya dinga narka musu har suka zama diddiga. Ya cafko gashin Nevena ya buga ta da jikin firij. Stanka ta shiga tsakani tana ihu, "Todor, ka haukace? 'Yarka ce fa!" Ya hankaɗe ta, faranti ya tarwatse, banitsa ta watse a ƙasa. Ya zare bel ya zuba wa Nevena a baya da cinyoyi. Amma ko a cikin haukan nan bai taɓa bakinta ko yatsunta ba. Mutumin ya san abin da yake tsarewa, kuma wannan ne ya fi ba ni takaici a cikin lamarinsa.

Ya fizgi kwat ya fita. Nevena ta san inda ya nufa. Ta bi shi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

A farfajiyar makarantar kiɗa ɗalibai na shan iska, 'yan basun, masu busa babbar algaitar Turawa, da suka gama nasu zagayen sun jingina dogayen akwatunansu suna hira. Kalin na tsakiyarsu. Da ya hango dattijon sai ya taso da fara'a, ya miƙa hannu.

"Kawu Todor, barka da..."

Bai ƙarasa ba. Naushin ya sauka daidai kan leɓe. Wanda ya ƙi taɓa bakin 'yarsa ya san sarai inda ya auna. Kalin ya faɗi kan matakala, jini ya wanke masa gaban riga, leɓen ƙasa ya dare biyu.

Nevena ta fasa ƙara. 'Yan basun, kuma ka san su, ƙarti ne masu ƙirji, suka yi caa a kan Todor. Ɗaya ya shaƙe masa wuya, ɗaya ya murɗe masa hannu ta baya har tabarau ya faɗi aka take.

"Tsohon banza! Gobe fa fainal ɗinsa!"

"Ku kira 'yan sanda!"

"Wane 'yan sanda? Ku bar ni da shi minti ɗaya!"

Kalin ya taso yana tangaɗi, hannu a baki, jini na bin gwiwar hannunsa. Ya shiga tsakaninsu da ƙyar. "Ku sake shi," ya ce, maganar na fita a dagule. "Uban Nevena ne. Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa. Kuma faɗuwa na yi a matakala, kun ji?"

"Kai, kana da hankali kuwa?"

"In magana ta kai wurin alƙalan gasa, ita za ta shafa. Ku sake shi, don Allah."

Suka sake shi suna tsaki. Todor ya tofar da yawu ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

A asibiti aka ɗinke leɓen. Likita ya ce batun busa a manta da shi sai bayan watanni, in ma leɓen ya koma daidai. Nevena ta kifa kai a gefen gadon tana kuka kamar ranta zai fita.

"Na janye, Kalin. Na bar gasar, na bar gidan. Ba ni da uba!"

Ya girgiza kai. "Kina da shi. Tsoro ne ke cinsa, ba ƙiyayya ba. Ki hau gobe. In kin janye, bakina ya fashe a banza ke nan."

Washegari, a lungun bayan dandamali, Todor ya iso da akwatin jajayen karansa, fuska a murtuke kamar ba shi ya yi ta'asar jiya ba. Nevena ta ƙi karɓa. Bayanta na zugi, idonta ya kumbura, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baba, kafin in sa a bakina, kai ka gwada. Ka toshe ƙasan da yatsa ka hura, yadda ka koya mini."

Ya harare ta, ya ɗauki ɗaya, ya toshe, ya hura. Fsss! Iska ta fita ta gefe. Ya jefar ya ɗauki wani. Fsss! Ya ɗauki wani, da wani, hannunsa na karkarwa, har akwatin ya ƙare. Ya tsaya yana kallon yatsunsa kamar na wani.

"Tun yaushe?" ya ce a hankali.

"Tun bara, Baba."

Aka kira sunanta a lasifika. Ba ta da karan busa ko ɗaya.

Sai ga Kalin, filasta a baki, fuska ta kumbura. Ya buɗe tafin hannunsa. Karansa ne na fainal, wanda ya ɗauki tsawon lokaci yana kankarewa ya ajiye wa kansa. Bai miƙa wa Nevena ba. Sai ya miƙa wa Todor.

"Kawu, kai ne gwani. Duba mana, ko akwai tsaga."

Todor ya ɗaga shi ga hasken fitila, ya juya, ya sake juyawa. Mutum ba ya shekara da shekaru a sana'a ya kasa gane aiki mai kyau. Hawaye ya gangaro masa. Ya kama hannun 'yarsa ya sa mata karan, ya durƙushe a wurin, ya rungume ƙafafun yaron da ya fasa wa baki yana cewa, "Ɗana, ka yafe mini! Na cuce ka!"

Nevena ta busa ranar kamar mai kai ƙara. Ta zo ta biyu, wani yaro daga garin Varna ya ɗauki kambu, kowa kuma ya san da Kalin ya hau, da nasa ne.

Leɓen ya daɗe bai warke ba. Kalin ya koma koyon riƙe kara a baki kamar ɗan aji ɗaya, sautin na tsinkewa, yana sake farawa, bai taɓa ɗaga wa Todor murya ba. Shekara ta zagayo ya hau dandamalin nan ya lashe gasar. Da kaka, Todor da kansa ya sa kwat ɗinsa mai kyau ya je shagon gyaran taya, ya ce wa uban Kalin ya zo ne ya roƙi alfarma a karɓi 'yarsa.

Ku iyaye, fushin da bai tsaya ya yi bincike ba, mai ƙaunarku yake fara ji wa ciwo. Ku kuma matasa, Kalin bai sami Nevena da ramuwa ba, haƙuri ne ya ba shi ita, har da ubanta. Sai dai yafiya ba ta goge tabo. Har yau in Kalin ya yi dariya a teburin cin abinci, tabon ya ja leɓensa gefe, surukinsa ajiye cokali yake ya sunkuyar da kai.